Megan Lloyd George: gadon suna, sauya sheƙa da majalisar da ba ta gani ba

A ƙarshen watan Mayu na 1929, mutanen tsibirin Anglesey da ke arewa maso yammacin Wales, wanda 'yan ƙasa ke kira Ynys Môn, suka zaɓi wata budurwa 'yar shekara 27 ta wakilce su a majalisar dokokin Birtaniya. Sunanta Megan Lloyd George. Kafin ita babu macen da ta taɓa wakiltar wata mazaɓa ta Wales a Landan, kuma sai da aka shafe shekara 21 kafin wasu mata biyu, Eirene White da Dorothy Rees, suka bi sawunta a 1950. Sai dai duk wanda ya ji sunan ya san tambayar da za ta biyo baya. 'Yar David Lloyd George ce, wanda ya yi firayim ministan Birtaniya daga 1916 zuwa 1922. To, da ƙarfinta ta shiga majalisa ko da sunan ubanta?

Sunan ne ya buɗe mata ƙofa, ba sai an yi ɓoye-ɓoye ba. Neman takarar Anglesey a ƙarƙashin jam'iyyar Liberal bai zo da sauƙi ba, kuma iyayenta duka biyu sun sa nauyinsu a ciki. A wancan zaɓe, na farko da mata 'yan shekara 21 suka kaɗa ƙuri'a daidai da maza, mata 14 kacal suka samu kujera a cikin 615. Da a ce 'yar wani manomi ce daga ƙauye, da wuya ko sunanta ya kai gaban kwamitin jam'iyya. Abin da ya sa nake ganin rayuwarta ta cancanci nazari shi ne yadda ta yi da wannan gado. Akwai masu gadon suna su zauna a inuwarsa har tsufa. Ita kuwa ta ɗauke shi ta kai shi wuraren da ya jawo mata asara, har ta rasu ba ta taɓa riƙe ko ƙaramin muƙamin minista ba, duk da shekara 31 da ta yi a majalisa.

Sai an san Wales kafin a gane ta. Ƙasa ce ƙarama mai duwatsu a yammacin Ingila, da harshenta na kanta, Cymraeg, wanda ba ya kama da Ingilishi ko kaɗan. Tun ƙarni na 16 aka haɗe ta da Ingila a dokance, ba majalisa, ba gwamnati tata. A farkon ƙarni na 20 kusan rabin mutanen ƙasar na jin harshen, amma zuwa 1951 bai kai kashi 30 cikin ɗari ba. Kudu ƙasar kwal ce da ƙarafa, cike da ma'aikata da ƙungiyoyin ƙwadago, inda Ingilishi ya fi ƙarfi. Arewa da yamma ƙasar manoma ce da makiyayan tumaki da ƙananan majami'u waɗanda ba sa bin cocin gwamnati, kuma can ne harshen ya fi kafuwa. Jam'iyyar Liberal ta waɗannan mutane ce: masu haya a gonakin manyan masu ƙasa, masu jin haushin biyan zakkar cocin da ba nasu ba. A zaɓen 1906 jam'iyyar Conservative ko kujera ɗaya ba ta samu a Wales ba.

A cikin wannan duniya aka haifi Megan, a garin Criccieth na bakin teku, ranar 22 ga Afrilu 1902, ita ce autar gidan. Da Cymraeg ta buɗe baki, Ingilishi daga baya ta koya. Tana da shekara biyar yayarta Mair ta rasu, mutuwar da ta girgiza mahaifinsu ƙwarai, ya kuma juyo da son da yake wa marigayiyar kan auta. Tana da shekara shida suka koma gida mai lamba 11 a titin Downing, gidan ministan kuɗi, daga baya kuma suka shiga mai lamba 10, gidan firayim minista. A gabanta aka yi rigimar kasafin kuɗin 1909, wanda ya ɗora haraji a kan masu ƙasa don a taimaki talaka, har majalisar masu sarauta ta ƙi amincewa, aka rage mata iko a 1911. Tana da shekara 17 ta raka mahaifinta taron sulhu na Paris a 1919, shekarar da Birtaniya da Faransa suka raba Kamaru ta Jamus a tsakaninsu. Yarinyar da ta tashi a haka ba ta buƙatar makarantar siyasa. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe: ta gaji bakinsa, ta gaji iya tsayawa gaban taro, ta gaji kaifin harshen da ke sa abokin hamayya ya rasa ta cewa. A rediyo ma muryarta ta yi suna.

Jawabinta na farko a majalisa, a 1930, a kan gidajen mutanen karkara ne, irin ɗakunan da ta gani a mazaɓarta masu danshi da cunkoso, inda tarin fuka ke cin mutane. Gidaje, noma, rashin aikin yi da haƙƙin mata su ne abubuwan da ta riƙe har ƙarshe.

Jam'iyyar da ta shiga kuwa ta riga ta fara rushewa. Rabuwar da aka yi a 1916 tsakanin mahaifinta da Asquith, firayim ministan da ya gada, ba ta warke ba, kuma Labour, jam'iyyar 'yan ƙwadago, ta kwashe ma'aikata. A 1929 Liberal na da kujera 59. A 1931, da tattalin arziki ya durƙushe aka kafa gwamnatin haɗaka, jam'iyyar ta dare gida uku. Ɓangare mafi ƙanƙanta mutum huɗu ne: Lloyd George, Megan, yayanta Gwilym, da surukin gidan Goronwy Owen. Su ne suka ƙi bin gwamnatin, saboda suna ganin Conservative ce ke juya ta, kuma harajin kayan shigowa take nufi. A nan ba za a ce Megan ta nuna wani ra'ayi nata na daban ba, domin bayan mahaifinta ta bi. Haka a 1936 tana cikin tawagar da ta raka shi Jamus inda ya gana da Hitler, ziyarar da ta zame masa tabo saboda yabon da ya yi wa mutumin da ya dawo. Ita dai ta tsaya cikin masu adawa da lallashin Hitler da gwamnatin Chamberlain ke yi, kuma tun a waɗannan shekaru zuciyarta ta fara karkata wajen Labour.

Yaƙin duniya na biyu ne ya fito da ita a matsayin kanta. Mata sun cika masana'antu da gonaki, ana biyan su ƙasa da maza, har diyyar wanda bam ya raunata ta mace ba ta kai ta namiji ba. Matan majalisa na jam'iyyu daban-daban suka haɗa kai a kan wannan, Megan na cikinsu. A watan Maris na 1944 aminiyarta Thelma Cazalet-Keir, 'yar Conservative, ta kawo gyara ga dokar ilimi don a daidaita albashin malamai mata da maza. Gyaran ya wuce da ƙuri'a 117 a kan 116. Churchill ya fusata, ya mayar da maganar ta amincewa da gwamnatinsa a tsakiyar yaƙi, aka janye. Malamai mata suka ci gaba da jira har shekarun 1950 kafin a fara daidaitawa.

A watan Oktoba na wannan shekara ta 1944 aka ware rana guda a karon farko don majalisa ta tattauna lamuran Wales kaɗai, kuma Megan ce ta buɗe muhawarar. Abin da ya faru a ranar shi ne ya nuna dutsen da za ta yi ta karo da shi. Aneurin Bevan, ɗan mahaƙin kwal daga Tredegar, wanda daga baya ya kafa tsarin kiwon lafiya kyauta na Birtaniya, ya tashi ya ce bai ga amfanin zaman ba, domin shi bai san bambancin tunkiyar Wales da ta Ingila ba. Kada a ɗauka Bevan ba ya ƙaunar ƙasarsa. Hujjarsa mai nauyi ce: talaucin mahaƙin kwal na Rhondda a Wales da na Durham a Ingila iri ɗaya ne, maganinsa kuma gwamnati mai ƙarfi a Landan wadda za ta karɓe ma'adinai ta raba arziki. In aka raba iko, an raba ƙarfin ma'aikata. Megan na tare da shi a kan talauci. Inda suka rabu shi ne, ita tana ganin mutanen da ke da harshe da tarihi nasu suna da abin da babu ma'aikacin ofis a Landan da zai kula musu da shi, komai kyan niyyarsa. Wannan gardama ce ta raba 'yan Labour na Wales har ƙarshen ƙarni.

A gida kuma shekarun sun yi mata ɗaci. Mahaifiyarta, Margaret, ta rasu a 1941. A 1943 mahaifinta ya auri sakatariyarsa Frances Stevenson, matar da aka fara kawowa gidan a 1911 don ta koyar da Megan karatu, wadda kuma ta daɗe tana tare da shi tun uwargida na raye. Megan ba ta halarci auren ba, ba ta kuma taɓa yafewa ba. A farkon 1945 aka ba tsohon sarautar Earl, ita kuma aka fara kiranta Lady Megan. Ya rasu a watan Maris. Ita kanta ba ta yi aure ba. Ta yi shekaru da dama tana son ɗan majalisar Labour Philip Noel-Baker, wanda ke da mata, kuma ko bayan rasuwar matar a 1956 bai aure ta ba. Na kawo wannan ne don a san cewa matar da ake gani tana sa taro dariya a dandali, da ta koma gidan Brynawelon a Criccieth, kaɗaici take tararwa.

Zaɓen 1945 ya bar Liberal da kujera 12, na 1950 da tara. A 1949 shugaban jam'iyya, Clement Davies, ya naɗa ta mataimakiyarsa, da fatan ɗinke ɓaraka. Ɓarakar ta fi ƙarfin allura. Wasu na ganin makomar jam'iyya ita ce ƙawance da Conservative don a taka wa gurguzu birki. Megan na ganin gwamnatin Labour ta Attlee, da asibiti kyauta da inshorar ma'aikata, ita ce ke ƙarasa ginin da mahaifinta ya kafa wa tushe a 1911, don haka sau da yawa ba ta son kaɗa ƙuri'ar da za ta kayar da ita. A 1951 wani matashin lauya daga Holyhead, Cledwyn Hughes na Labour, wanda ya gwada sau biyu bai yi nasara ba, ya kayar da ita da ƙuri'a 595.

Ya kamata a faɗi laifinta a nan. An daɗe ana ƙorafin ba ta zama a mazaɓa, ba ta bin ƙananan buƙatun mutane yadda ya kamata, ta fi son babban dandali a kan aikin ofis mai cin rai. Wanda ya gaji suna yakan ɗauka ƙuri'a ma gado ce. Kuma ƙuri'a 595 ba ta da yawa, ziyara kaɗan za ta iya cike ta. Akwai kuma abin da ya raunana ƙorafinta a kan jam'iyya: bayan wannan zaɓe Churchill ya yi wa Clement Davies tayin kujerar minista, ya ƙi, ya ceci Liberal daga haɗiyewa. Ke nan mutumin bai miƙa wuya ga Conservative yadda take tsoro ba.

Shekarun da ta yi a waje su ne, a ganina, mafi daraja a rayuwarta. A watan Yuli na 1950 aka ƙaddamar da fafutukar neman majalisar Wales a garin Llandrindod, aka ba ta shugabanci. Nan ne gadon ya ɗauki wata ma'ana. Mahaifinta, yana saurayi, ya jagoranci ƙungiyar Cymru Fydd mai neman Wales ta mulki kanta, ƙungiyar ta watse a 1896 saboda saɓanin kudu da arewa, shi kuma ya juya ya nufi manyan kujerun Landan bai sake waiwayowa da gaske ba. Abin da uba ya ajiye don ya hau sama, shi 'yar ta sunkuya ta ɗauka. Ta zagaya garuruwa da ƙauyuka tana jawabi da harsuna biyu. Shugabannin Labour na Wales sun yi tir da tafiyar, sai tsirarun 'yan majalisarsu suka mara mata baya, cikinsu har da Cledwyn Hughes da ya karɓe mata kujera. Ɗaya daga cikinsu, S. O. Davies na Merthyr, ya kawo ƙudiri a 1955, aka yi watsi da shi. A 1956 aka miƙa takardar koke mai sa hannun mutum kusan dubu 250. Gwamnati ba ta yi komai a kai ba. Ministan cikin gida a lokacin, wanda kuma lamuran Wales ke hannunsa, shi ne Gwilym Lloyd George, yayanta ciki ɗaya, wanda ya riga ya koma ɓangaren Conservative. 'Ya'yan mutum ɗaya, ɗaya na miƙa koke, ɗaya na cikin gwamnatin da ta toshe kunne, kuma kowannensu na iya cewa shi ne ya gaji uban, domin Lloyd George ɗin 1909 mai yaƙi da masu ƙasa da Lloyd George ɗin 1918 mai mulki da goyon bayan Conservative duk mutum ɗaya ne.

A watan Afrilu na 1955 ta shiga Labour. Kalmar sauya sheƙa na ɗauke da zargi, kuma yawanci zargin na da tushe, domin mai sauyawa inda maiƙo yake yakan nufa. A nata lamarin lissafin bai nuna haka ba. Labour na adawa a lokacin, wata guda bayan shigarta ta sake faɗuwa zaɓe, kuma ba ta dawo mulki ba sai 1964. Jam'iyyar da ta shiga ita ce mai ƙyamar majalisar da take nema. Ta bar inda take mataimakiyar shugaba a da, ta koma inda za a riƙa yi mata kallon baƙuwa 'yar gidan sarauta a cikin 'yan ƙwadago. Abin da ta samu shi ne zama tare da mutanen da ta yarda da su a kan talauci, ta ci gaba da jayayya da su a kan Wales daga cikin gida. Duk da haka ba zan ce tsofaffin abokanta ba su da dalilin jin zafi ba, musamman ganin abin da ya biyo baya.

A ƙarshen 1956 ɗan majalisar Liberal na Carmarthen, Rhys Hopkin Morris, ya rasu. Labour ta tsayar da Megan a zaɓen cike gurbi na 28 ga Fabrairu 1957. Lokacin ƙurar Suez ba ta kwanta ba: Nasser ya ƙwace mashigin ruwan, Birtaniya da Faransa da Isra'ila sun kai wa Masar hari, Amurka ta tilasta musu janyewa, firayim minista Eden ya sauka. Ɗan takarar Liberal a Carmarthen ya goyi bayan harin, ko da yake sabon shugaban jam'iyyarsa, Jo Grimond, ya yi adawa da shi. Megan ta soki harin ba sassauci, ta ci zaɓe da ratar ƙuri'a dubu uku da 'yan kai. Jam'iyyar da mahaifinta ya jagoranta ta koma kujera biyar, kuma 'yarsa ce ta rage mata ta shida.

A shekarar da ta dawo majalisa aka zartar da dokar da ta ba birnin Liverpool damar datse kwarin Tryweryn don samun ruwan sha. Ƙauyen Capel Celyn, na masu jin Cymraeg, ya nutse a ƙarƙashin ruwa, da majami'arsa da makarantarsa da gonakinsa. A cikin 'yan majalisar Wales 36 babu ko ɗaya da ya goyi bayan dokar, amma ta wuce da ƙuri'un Ingila. Duk jawaban da Megan ta yi shekara shida ba su bayyana hujjarta kamar wannan madatsa ba. Matsin ya yi tasiri sannu a hankali, har Labour ta yi alkawarin kujerar sakataren Wales a majalisar ministoci, ta kuma cika a 1964 da James Griffiths. Harold Wilson, firayim ministan Labour, bai ba Megan komai ba a gwamnatinsa. Shekarunta 62, kuma ciwon dajin mama ya fara cin ta.

A zaɓen ƙarshen Maris na 1966 ba ta iya fita yaƙin neman zaɓe ba, 'yan uwa da magoya baya ne suka yi mata, mutanen Carmarthen kuma suka sake zaɓenta. Ta rasu ranar 14 ga Mayu a Criccieth, tana da shekara 64.

Wata biyu cif bayan haka, ranar 14 ga Yuli, aka yi zaɓen cike gurbinta, kuma Gwynfor Evans na Plaid Cymru, jam'iyyar 'yan kishin Wales, ya lashe. Shi ne ɗan majalisa na farko da jam'iyyar ta taɓa samu. Wannan ya nuna cewa da yawa daga ƙuri'un Carmarthen na Megan ne, ba na Labour ba. Manoma masu jin Cymraeg sun ga mai kishin ƙasarsu a cikinta, da ta tafi suka nemi wani. Abin da sa hannun mutum dubu 250 bai yi ba, faɗuwar kujera ɗaya ta yi shi, domin jam'iyya na iya kau da kai daga koke amma ba ta iya kau da kai daga asarar mazaɓa. Da Winnie Ewing ta jam'iyyar 'yan kishin Scotland ta maimaita irin wannan a Hamilton ta Scotland a 1967, gwamnatin Wilson ta kafa hukumar nazarin tsarin mulki a 1969. Tafiyar ba ta miƙe ba. A ƙuri'ar raba gardama ta 1979 mutanen Wales sun ƙi majalisar, kusan mutum huɗu cikin biyar, kuma 'yan Labour irin su Neil Kinnock, magada hujjar Bevan, na kan gaba wajen ƙin. Sai da aka sha shekara 18 na mulkin Conservative, wadda Wales ba ta taɓa ba rinjaye ba, aka rufe ramukan kwal ɗaya bayan ɗaya, kafin ra'ayi ya juya. Majalisar da aka buɗe a Cardiff a 1999, wadda yanzu ake kira Senedd, ta fito da mata 30 da maza 30 a zaɓen 2003, a ƙasar da mace ɗaya tilo ta wakilta shekara 21.

Da kyar aka kai ga buɗe ta. A daren ƙuri'ar raba gardama ta 18 ga Satumba 1997, an yi ta sanar da sakamako gunduma bayan gunduma, kuma har aka zo kan ta ƙarshe masu cewa a'a ne ke gaba. Gundumar da ta rage ita ce Carmarthenshire. Da aka karanta nata sakamakon da asuba, masu cewa e suka haye da ratar ƙuri'a 6,721 a duk faɗin Wales.